Shuɗi da Makankari: Tarihin Siririn Ƙarfen da Ake Kira Gib

Injin yankan ƙarfe samfurin Bridgeport, wanda wasu 'yan asalin Suwidin biyu, Rudolph Bannow da Magnus Wahlstrom, suka fara ƙerawa a Amurka a 1938, nauyinsa ya kusa tan guda. Amma ranar da tsufa ya kama shi, ya fara karkarwa yana barin zane-zane a jikin ƙarfen da yake yanka, da wuya a sami laifin a gangar jikin nan mai nauyi. Yawanci mai laifin wani siririn ƙarfe ne da yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya, wanda ke kwance a ɓoye tsakanin teburin injin da hanyar da teburin ke zamewa a kanta. Masu sana'ar suna ce masa gib. Ba ya juyawa, ba ya yanka komai, mai sayen inji ma bai cika tambayar lafiyarsa ba. Sai ya karye ko ya cinye ake tunawa da shi.

Aikinsa ba wuyar fahimta. Duk injin da ke fere ƙarfe ko yanka shi yana da sassan da ke zamewa a kan juna: sirdi a kan gadon inji, tebur a kan sirdi. Galibi ana yanka hanyar zamewar da gefe biyu masu karkata, irin fasalin wutsiyar kurciya, ta yadda na sama zai rungumi na ƙasa, ya tafi gaba ya dawo baya ba tare da ya ɗaga ko ya kauce ba. To amma idan aka yanka su cif-cif, ba za su motsa ba. Idan aka bar sarari, tebur zai yi ta girgiza. Ko da an dace yau, bayan shekara biyar gogayya ta ci nata rabon. Sai maƙera suka bar sararin da gangan, suka cika shi da ƙarfe na uku wanda ake iya matsawa da sukuru. Manomin da ruwan fartanyarsa ya yi sako-sako a ƙota, ya fiƙe ɗan icce ya buga a ramin, ya san dabarar. Bambancin kawai shi ne a nan ana so abin ya kama kuma ya ci gaba da zamewa, kuma kuskuren da aka yarda da shi bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita ba.

Kafin ƙarshen ƙarni na 18 babu mai irin wannan damuwa. Mai fere ƙarfe da hannunsa yake riƙe wuƙar yankan, ya jingina ta a kan madogari, ƙarfen yana juyawa shi kuma yana bi da ido da ƙarfin dantse. Yadda awon wancan zamani yake, ana iya gane shi daga labarin James Watt, wanda ya yi shekaru yana neman wanda zai huda masa silindar injin tururi da ba ta yoyo. Da John Wilkinson ya fito da injinsa na huda a 1775, abokin kasuwancin Watt, Matthew Boulton, ya rubuta yana murna cewa silinda mai faɗin inci 50 ta fito kuskurenta bai kai kaurin tsohon sule ba. Kaurin sule! A yau yaron shago ya kawo aiki da irin wannan kuskure, korarsa za a yi.

Mutumin da ya sauya lamarin shi ne Henry Maudslay, haifaffen Woolwich a 1771. Yana ɗan shekara 12 ya fara aiki a ma'ajiyar makaman garin, yana ɗura albarushi. Yana da 18 ya koma wajen Joseph Bramah mai ƙera kwaɗon da ya gagari ɓarayi, ya zama shugaban ma'aikatansa, sannan a 1797 ya nemi ƙari a kan sule 30 da ake biyansa a mako, aka hana shi, ya tattara kayansa ya buɗe nasa shagon a Landan. Ba shi ne farkon wanda ya ɗaure wuƙar yanka a kan sirdi mai zamewa ba. Jacques de Vaucanson ya riga shi a Faransa da kusan shekara 50, Jesse Ramsden ma ya yi injin yanka zaren sukuru a shekarun 1770. Abin da Maudslay ya yi shi ne haɗa dabarun wuri ɗaya a cikin inji na ƙarfe zalla mai ƙwari, wanda za a iya sa wa a shago a yi ta aiki da shi kullum. Shaidar ta fito a tashar jiragen ruwa ta Portsmouth, inda ya ƙera wa Marc Brunel injuna 45 na yin kurar igiyar jirgi. Zuwa 1808 suna fitar da kura 130,000 a shekara, mutum 10 suna yin aikin da a da sai gwanaye 110.

Daga ranar da aka karɓe wuƙa daga hannun mutum aka ba sirdi, gaskiyar aiki ta koma kan hanyar da sirdin ke bi. Idan hanyar ta karkace, duk abin da injin ya yanka zai gaji karkatar. A nan gizo ke saƙar: da me za a miƙe hanyar injin farko, alhali babu wani injin da ya riga shi miƙewa?

Amsar da ta fito daga shagon Maudslay ita ce faranti uku. Idan aka ɗauki faranti biyu na ƙarfen zubi aka yi ta goga su da juna har suka haɗu ko'ina, wannan bai nuna sun shimfiɗu ba, domin ɗaya na iya yin doro ɗayan ya yi kwari daidai da doron. Shigo da na uku ke tona asiri. A daidaita na ɗaya da na biyu, na ɗaya da na uku, sannan a haɗa na biyu da na uku: in duk biyun doro ne za su yi lilo a kan juna, in kwari ne tsakiyarsu ba za ta taɓa ba. A rage kowanne, a sake zagayowa. Babu fasalin da zai sa ukun su kwanta a kan juna ta kowace haɗuwa, sai shimfiɗa ta gaskiya. James Nasmyth, wanda ya shiga shagon a 1829, ya ba da labarin cewa irin waɗannan faranti suna kan bencin ma'aikata, kowa yana gwada aikinsa a kansu.

Wanda ya fito da dabarar fili ya kuma ɗaukaka ta shi ne Joseph Whitworth, ɗan Stockport da aka haifa a 1803. Ya yi aiki da Maudslay, ya koma Manchesta a 1833 ya kafa nasa kamfanin. A 1840, a taron ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya a Gilasgo, ya karanta takarda yana sukar al'adar goga faranti da garin dutse mai kaifi. Hujjarsa ita ce garin ba ya zaɓe: yana cin tudu yana cin kwari, yana taruwa a wani wuri ya bar wani, mai aiki ba shi da iko da inda ake ci. Maimakon haka, a shafa launi siriri a kan farantin awo, a ɗora aikin a kai a ɗan zame shi, a ɗaga. Duk inda launi ya kama, nan ne tudu. Sai a ɗauki makankari, wato ƙarfe mai faɗin baki da aka wasa, a kankare wuraren da suka kama launi kaɗai. A sake shafawa, a sake dubawa. Masu tarihi har yanzu suna ja-in-ja a kan ko Whitworth ne ya ƙirƙiro kankarar ko a shagon maigidansa ya tsince ta, amma babu mai musun cewa daga hannunsa ta bazu.

Shi dai Whitworth mutum ne mai son lissafi. A 1841 ya gabatar da ma'auni ɗaya na zaren sukuru mai kusurwa digiri 55, wanda ya zama na Birtaniya baki ɗaya. A babban baje kolin Landan na 1851 ya nuna na'urar awo mai gane kashi ɗaya cikin miliyan na inci. A 1856 kuma ya gaya wa injiniyoyi cewa shekara 30 da suka wuce, ladan shimfiɗe murabba'in ƙafa ɗaya na ƙarfen zubi da kurfi da magagari sule 12 ne, amma da injin aske ƙarfe ya faɗo ƙasa da kwabo ɗaya. Irin wannan injin askin, wanda Richard Roberts ya ƙera a 1817, yana nan a gidan tarihin kimiyya na Landan. Sai dai inji yana yin aikin ƙarfi ne ya tsaya. Ɗan abin da ya rage, wanda shi ne ke raba inji nagari da na banza, hannu aka bar wa.

Launin da ake shafawa da farko ja ne da aka kwaɓa da mai. Daga baya shuɗin Furusiya ya karɓe fagen, launin da wani mai haɗa fenti, Diesbach, ya yi tuntuɓe da shi a Barlin wajen 1706. An fi son sa domin idan aka kwaɓa shi da maiƙo ba ya bushewa, kuma ana iya shimfiɗa shi siriri ƙwarai. Yana da halin tsiya ɗaya: ya taɓa yatsa, sai ya bi riga, ya bi hanci, ya bi marfin ƙofa. Tsofaffin shagunan Ingila da Amurka cike suke da labarin sabon yaron da aka shafa wa shuɗi a hannun guduma.

Gib kansa ya girmi wasu daga cikin waɗannan injuna, domin tun a injin tururi ana amfani da shi tare da weji wajen matse bakin sandar da ke juya ƙafa idan tagullar ciki ta cinye. A injunan yankan ƙarfe ya rabu gida biyu. Akwai mai kauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, wanda jerin ƙananan sukurori ke tokare shi daga gefe, kowanne bakinsa a cikin ɗan rami. Shi ne mai arha, kuma shi ake gani a ƙananan injuna irin Myford ML7, wanda aka fito da shi a Beeston kusa da Nottingham a 1946, ya zama abin ƙaunar masu ƙere-ƙere a bayan gida. Aibinsa shi ne matsin yana taruwa a bakin kowane sukuru, tsakaninsu kuma ƙarfen ya ɗan saki. Na biyun shi ne mai tsini, kauri a kai ɗaya siriri a ɗayan, ramin da yake shiga ma haka aka yanka shi. Sukuru ɗaya a ƙarshe ke tura shi ciki, yana shiga yana cika sararin gaba ɗaya lokaci guda. Bridgeport da manyan injunan masana'antu irin wannan suke ɗauke da shi.

Tsinin ba shi da yawa. A injunan Amurka an saba da kwatan inci a kowace ƙafa, wato 1 cikin 48. A Turai ana ganin 1 cikin 50 ko 1 cikin 100. A kan 1 cikin 50, tura gib milimita ɗaya yana rage sarari da 0.02 na milimita. Wannan shi ne daɗin abin, domin juyi ɗaya na sukuru ba ya yin ɓarna. Shi ne kuma ajalinsa: idan gogayya ta ci 0.3 na milimita, sai gib ya shige milimita 15 kafin ya kama, kuma sukurun yana da iyaka. Ranar da ya kai ƙarshen zarensa tebur bai daina girgiza ba, gib ya gama aikinsa.

A nan ne wani abin mamaki na tarihin sana'ar ke bayyana. Waɗannan injuna su ne suka haifi zamanin safaya, zamanin da za a ƙera noti a wata ƙasa ya hau sukurun da aka ƙera a wata. Amma su kansu ba sa karɓar safaya a wannan gurbi. Kowane gib a masana'anta aka kankare shi don injinsa, kuma bayan shekara 40 ko 60 kowane inji ya cinye ta hanyarsa: wannan an yi ta fere gajerun fistin da shi kusa da kai, wancan an bar shi ba mai, wani kuma ƙurar dutsen wasa ta yi ta sauka a kansa. Shi ya sa ko a injunan da har yau ake samun kayansu, sabon gib yana zuwa ne da tsawo da kauri fiye da kima, ba a kankare shi ba, mai saye ya ƙarasa. Sauran kuwa kamfanoninsu sun daɗe da rufewa ko sun sauya hannu. Shi kansa tsohon kamfanin Myford na Beeston ya karye a 2011, wani kamfani ya sayi sunan.

Ilimin gyaran ya kusa bin kamfanonin. Abin da ya cece shi har da littattafai biyu. Georg Schlesinger, farfesa a Barlin, ya wallafa littafin gwajin injuna a 1927, inda ya jera yadda ake auna miƙewar gado da daidaiton tebur da kuskuren da aka halatta a kowanne. 'Yan Nazi sun raba shi da kujerarsa a 1933 saboda Bayahude ne, ya ƙare rayuwarsa a Ingila, amma ma'aunansa sun zama tushen waɗanda duniya ke bi. Na biyun na Edward Connelly ne, wanda ya fito a Amurka a 1955, shafi sama da 500 a kan sabunta injuna da kankarar hannu. Littafi ne mai nauyin karatu, marubucin ba ya gaggawa ba ya ban dariya, amma duk mai wannan aiki da Turanci ya san shi. Ita kanta sana'ar ƙera injuna ta sauya salo, domin a 1972 kamfanin THK na Japan ya fito da hanyar zamewa mai ƙananan ƙwallaye a ciki, wadda ake ɗaurawa da sukuru, in ta mutu a cire a sa sabuwa. Yawancin injunan da kwamfuta ke sarrafawa yau a kanta suke gudu, ba gib ba shuɗi. Duk da haka, kamfanonin da ke ƙera injuna mafiya tsananin awo, irin su Mitsui Seiki da Yasda a can Japan ɗin, har gobe da hannu suke kankare hanyoyinsu.

Tsofaffin injunan ba su mutu ba, ƙaura suka yi. Da yawa daga na Ingila sun bi jirgin ruwa zuwa ƙasashen da ta mulka. A Nijeriya, dogo ya isa Kano a 1911, kuma hukumar jirgin ƙasa ta riƙe manyan wuraren gyara a Ebute Metta da Inugu da Zariya, inda aka horar da masu fere ƙarfe masu yawa. Masaƙar Kaduna ta farko ta buɗe a 1957, wasu suka biyo ta, kowacce da sashen injiniyoyinta. Makarantun koyon sana'a ma aka zuba musu injuna irin su Colchester da Harrison. A 1980 gwamnati ta kafa kamfanin ƙera injuna a Osogbo da haɗin gwiwar HMT na Indiya. Da masaƙu suka durƙushe, injuna da ma'aikata suka watsu cikin gari, wasu suka sauka a wurare irin Panteka ta Kaduna. Injin da aka ƙera don sanyin Ingila, yanzu yana aiki a rumfar kwano, ƙurar hunturu tana sauka a kan hanyarsa tana cakuɗa da mai ta zama abin wasa ƙarfe. Gyaran da aka fi yi masa shi ne a yanko gwangwani ko siririyar tagulla a cusa a bayan gib. Kada a raina dabarar, a Turai da Amurka ma ana yin ta, kuma tana iya ba inji wasu shekaru. Haɗarinta shi ne abin da aka cusa ya zame ya naɗe, gib ya cije, a buga shi da guduma ya karye a ciki.

To mai son yin sabo fa, daga ina zai fara? Ba daga gib ba. Hanyar inji ba ta cinyewa bai ɗaya: tsakiya, inda tebur ke yawan kaiwa da komowa, ta fi ci, ƙarshe biyun kuma kusan sababbi ne. Duk kyan sabon gib, in aka matsa shi ya kama a tsakiya zai cije a ƙarshe, in aka sake shi don ƙarshe zai yi rawa a tsakiya. Saboda haka gwani yakan ɗauko sanduna biyu masu kauri ɗaya, ya kwantar da su a kusurwoyin wutsiyar kurciyar, ya auna faɗin da ke tsakaninsu da maikuromita daga wannan kai zuwa wancan. In awon ya bambanta, sai an fara kankare hanyar ta miƙe kafin a yi maganar gib.

Sai zaɓen ƙarfe. Wanda aka fi yarda da shi ƙarfen zubi ne mai ruwan toka, mai kabon kusan kashi 3 cikin ɗari, wanda yawancinsa ke zaune a ciki a matsayin ɓarɓashin girafait, irin baƙin da ke cikin fensir. Wannan ɓarɓashi ke sa shi santsi, ya riƙe mai, ya kuma kankaru ya zama gari maimakon ya yage. Wasu na yin ƙananan gib da tagulla ko sitil. Wanda ya je ya yanko sandar sitil da aka mulmula da sanyi, ya aske gefe ɗaya, zai sha mamaki: da ya kwance ta daga inji za ta lanƙwashe, domin mulmular ta bar ɗauri a fatar ƙarfen, cire fata ɗaya kuma ya saki ɗaurin ta gefe guda. Ƙarfen zubi ma yana yin haka, sai dai kaɗan. Masana'antun da can sukan jibge zubinsu a fili ya sha rana da ruwa watanni kafin a taɓa shi. Yanzu tanderu ake sa shi, a kai shi wajen digiri 550 zuwa 600, a bar shi ya huce a hankali. Ko da hakan, mai hankali yana aske kaɗan a wannan gefe, ya juya ya aske kaɗan a wancan, ya kwance ya bar ƙarfen ya huta, ya sake.

Riƙe shi a kan inji ma wani yaƙi ne. Abu ne dogo, siriri, gefunansa a karkace daidai da kusurwar hanyar, digiri 60 ko 55 ko 50 gwargwadon kamfani. A matse shi da ƙarfi, ya miƙe a ƙarƙashin matsi, a yanka shi sumul, a sake shi ya koma lanƙwasarsa. Teburin maganaɗisu ma haka yake yaudara. Saboda haka wasu kan yanka masa gado na musamman a jikin wani ƙarfe mai kauri, wasu su manna shi da gam mai ƙarfi su ɓamɓare da zafi daga baya, wasu su cika ƙarƙashin lanƙwasar da takarda siririya don kada matsi ya motsa shi. Takardar naɗa taba ta daɗe tana wannan hidima a shaguna, domin kaurinta kusan kashi ɗaya cikin dubu na inci ne. Tsinin kuwa, in tsohon gib yana nan ko da a karye, shi ne malami: a kwantar da shi, a karkata gadon har agogon awo ya bi bayansa daga kai zuwa kai allurar ba ta motsa ba, sai a cire shi a sa sabon a wurin. In babu tsohon, sai a auna sararin a baki biyu na ramin, a raba bambancin da tsawon.

Ana barin sabon da tsawo, inci biyu ko uku fiye da bukata a kowane kai. Dalilin yana cikin lissafin tsinin nan: duk kankara ɗaya tana sa shi ƙara shigewa, kuma ba wanda ya san inda zai tsaya sai an gama.

Daga nan aiki ya koma 1840. A fara da bayan gib, gefen da ba ya zamewa, a daidaita shi da farantin awo. Sannan a shafa shuɗi a hanyar injin, siriri har ana hango ƙarfe ta cikinsa, a zura gib da yatsa, a ɗan ƙwanƙwasa shi kaɗan, a zaro. Zurawar farko takan ba da tabo uku ko huɗu, manya, wataƙila duk a kai ɗaya. Mai aiki ya kafa gib a kan katako da ƙananan ƙusoshi a gefe, ya riƙe makankari hannu ɗaya a ƙota ɗaya a tsakiya, ya tura da nauyin jikinsa. Kowace turawa tana ɗauke kusan 0.005 na milimita, baƙin gari ya taru a bakin ƙarfen. Ya bi tabon a karkace, zagaye na gaba ya bi ta ɗaya karkatar don sawun su gitta juna. Ya goge ƙaiƙayin da ɗan dutse, ya share da tafin hannu, domin tafin hannu yana jin ƙwayar da tsumma ya bari. Ya sake zurawa. Tabo huɗu su zama goma, goma su farfashe su zama hamsin ƙanana. Akwai tarko a nan: gib siriri ne, in aka buga shi da ƙarfi zai lanƙwasa ya bi ramin, ya fito da shuɗi ko'ina, ya yi ƙaryar ya zauna. Gwanaye sukan ɗora shi a kan faranti su tura kai ɗaya da yatsa su ga inda yake juyawa. In a tsakiya yake juyawa, doro gare shi. Abin da ake nema a injin aiki na yau da kullum shi ne tabo kamar 20 a kowane murabba'in inci, a baje daga kai zuwa kai, tsakiyar kuma a ɗan sassauta ta don ƙarshe biyun su ɗauki nauyi. Ƙananan kwaruruwan da makankari ya bari ba aibi ba ne, nan mai ke kwanciya. Ƙarfe biyu da aka goge sumul kamar madubi sukan kore man da ke tsakaninsu su manne.

Yau akwai makankari mai lantarki, wanda aka fi sani da sunan Biax na Jamus, yana rage gajiyar kafaɗa amma ba ya karanta shuɗi. Akwai kuma hanyar ceto tsohon gib in bai karye ba: a manna masa Turcite, wani abu kamar fata da aka yi da Teflon da garin tagulla, ya mayar masa da kaurin da ya rasa. Shi ma bayan gam ya kama sai an kankare shi da shuɗi kamar ƙarfe.

Sai tabo ya cika sannan ake zura gib zuwa inda ya tsaya, a yi masa alama, a yanke rarar. A huda ramukan mai daidai da na sirdi, a zana ƙananan magudanai a fuskarsa, a ƙarshe a yanka gurbin da kan sukuru zai zauna. Ana yanka gurbin ta yadda kusan duk zaren sukurun yana gaba, ba a taɓa shi ba, don masu matsawa na shekaru masu zuwa. Sannan a wanke komai da kananzir, a zuba mai, a haɗa. A kafa agogon awo a gefen tebur, a kama teburin da hannu biyu a ja a tura: allura ta motsa kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita ta dawo, hannun juyawa kuma ya tafi da nauyi ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Bayan 'yan makonni na aiki, kawunan tabon sukan ɗan kwanta, sai a ƙara wa sukurun kwatan juyi.